Kwat Marar Aljihu

"Ɓarawon da zai zare ko maɓalli ɗaya daga jikina," in ji Gwani tela, "ba a haifi uwarsa ba tukuna."

A bakin shagonsa ya faɗi wannan magana, yana tsaye da tef ɗin awo a wuya, maƙwabcinsa mai aski da masu zaman benci suna saurare. Ka san irin mutumin, mai karatu. Kowace unguwa tana da nata. Tafiya mafi nisa da Gwani ya taɓa yi a duniya ita ce zuwa kasuwar da yake sayen yadi, can ɗin ma sai ya riƙa tambayar kwandasta ko an iso. Amma tun ranar da bizarsa ta fito ya zama malamin matafiya. Ya san yadda ɓarayin ƙasashen waje suke yanka jaka, ya san irin murmushin da suke yi kafin su yanka, ya san ma abin da suke karyawa da shi da safe. Wani direban babbar mota da ya tsufa a kan hanya ya kawo gyaran wando, bai fita ba sai da ya sha lacca a kan yadda ake tafiya.

Sai dai akwai abin da Gwani ba ya faɗa a kan benci. Shagon mutuwa yake yi. Mutanen da suka san darajar kwat ɗin da aka auna a jiki, wasu sun tsufa sun daina fita, wasu an kai su inda ba a sa kwat. Samari kuwa sun koma kayan kanti da na gwanjo. Keken ɗinkin da a da maƙwabta suke ƙorafin ƙararsa, yanzu sai ya wuni lulluɓe da ƙyalle, Gwani yana ɗiga masa mai kamar majinyaci.

'Yarsa Auta, wadda take aikin jinya a wata ƙasa, ita ta hango abin daga nesa. Ta yi magana da wata Hajiya mai babban shagon ɗinki da gyaran kaya a can, 'yar gida ce da ta daɗe da ƙaura, tana neman gogaggen hannu. Hajiyar ta ce ba ta son takardar shaida, ba ta son hoto. Abin da take so, ya zo sanye da aikin hannunsa. Ita da kanta za ta tarbe shi a filin jirgi, kallo ɗaya ya ishe ta, ko ta ɗauka ko ta bari.

Gwani ya fito da wani yadi da ya daɗe yana ɓoyo a ƙasan kabad, ruwan toka mai siririn zane, ya duƙufa a kansa makonni. Kada mu ci haƙƙinsa, kwat ta yi. Kafaɗa ta zauna, kwala ta kwanta, zanen hannu ya haɗu da zanen ƙirji ba karkata. Wandon ma ya sauka a kan takalmi yadda ake so. Da a nan ya tsaya, da babu labari.

Auta ta kira a waya ta ba shi shawara irin ta waɗanda suka saba: ya sayi 'yar jakar nan da ake ratayawa a wuya a cikin riga, ya zuba takardunsa a ciki, ya ɗaure wa akwatinsa wani ƙyalle mai launi don ya gane shi, in ya rikice kuma ya tambayi ma'aikata, ba abin kunya ba ne. Gwani ya saurara da irin haƙurin da ake yi wa yara. Da ta gama ya bayyana mata cewa jakar wuya ita ce abin da ɓarawo yake fara nema, ƙyalle a jikin akwati kuwa tuta ce ka kafa masa. Shi ya sayi akwati baƙi, irin wanda kowa yake da shi, bai rubuta ko harafi a jiki ba, ya sa masa ƙaramin kwado. Game da takardu kuwa, ya riga ya gano abin da matafiyan duniya suka kasa ganowa.

"Ina ɓarawo yake sa hannu? A aljihu. To, kwat ɗina ba ta da aljihu. Wandon ma haka."

Ba ƙarya ya yi ba. Komai a cikin shafi ya ɗinke shi, wato yadin nan mai santsi da ake sa wa kwat ta ciki. Fasfo a gadon baya, tsakanin kafaɗu. Katin rigakafi a ƙarƙashin kafaɗar dama, tikitin dawowa a ta hagu. Makullin akwati a cikin kwala. Takardar da take ɗauke da adireshin Auta a cikin ƙugun wando. Kuɗin guzuri a kalmasar ƙafa. In ya yi tafiya sai ka ji yana ɗan motsi kamar ambulan.

Matarsa ta daɗe tana kallonsa a gaban madubi, sannan ta tambaya a hankali, "Malam, in aka ce ka nuna fa?"

Ya ɗaga wani ɗan gwangwanin alawa ya girgiza. Reza ce a ciki, da allurai, da zare. A buɗe, a nuna, a mayar, a ɗinke. Ya ce shi da yake kafa hannun kwat kafin shayi ya huce, wannan ai wasa ne. Ta ce Allah ya sa, ta koma kicin.

Ranar jajiberin tafiya ya sa mai aski ya gwada yi masa sane a gaban jama'a. Mai aski ya shafa nan, ya laluba can, ya zagaya shi kamar mai sayen rago, ya ce wallahi ko ƙofar shiga bai samu ba, amma yana fatan shi ma mai kayan zai samu. Gwani ya ce hassada ce irin ta mutumin da iyakar tafiyarsa daga wannan kunne zuwa wancan.

A ƙofar filin jirgi aka fara. Mai gadi ya ce fasfo. Gwani ya koma gefe, ya tuɓe kwat, ya shimfiɗa ta a kan akwati, reza ta yi aikinta, ya nuna, ya mayar, ya ɗinke, ya wuce yana murmushi. A kantar da ake auna kaya aka sake cewa fasfo. Ya sake tuɓewa. Wannan karon akwai dogon layi a bayansa, wata mata mai goyo ta tambaya ko an buɗe shagon tela ne a nan ta kawo zanenta. Bai kula ta ba. Aka karɓi akwati, aka ba shi katin shiga jirgi. Shi a lissafinsa an gama bincike ke nan, don haka ya haɗa katin da fasfo ya mayar gadon baya, ya yi musu ɗinki biyu, ya ƙulle zare, ya cije bakin zaren.

Sai ga na'urar bincike a gaba.

Gwangwanin alawa ya shiga ta wannan gefe, ya fito ta wancan a hannun wani jami'i mai fuskar da ba ta san dariya ba. Ya buɗe, ya ga reza, ya rufe, ya jefa gwangwanin gaba ɗaya cikin wani kwandon ƙarfe mai murfi. Gwani ya ce kayan sana'a ne. Jami'in ya ce doka ce. Gwani ya ce to a bar masa allura ɗaya. Jami'in ya ce ya wuce ta ƙofar can. Ya wuce, ƙofa ta yi ƙara. Aka bi jikinsa da wani abu kamar ludayi, ya yi kuka a daidai wuya. Jami'in ya matsa kwala da yatsa ya ji ƙarfe, ya ce a fito da shi.

Gogan naka ya nemi aron rezarsa ta kansa, aka ce ta riga ta zama ta hukuma. Ya tsaya ba takalmi, ba bel, mutane suna ratsa shi. Can ya dubi bel ɗin a cikin tire, ya ga ɗan tsinken ƙarfen da yake shiga huda. Da shi ya zauna ya warware kwala, ɗinki bayan ɗinki, domin ko a tsakiyar masifa Gwani ba zai yaga yadi ba. Makulli ya fito. Jami'in ya dube shi ya ce ba laifi, ya wuce. Kwala kuwa ta miƙe ta gefe ɗaya kamar kunnen jaki.

Ya lallaɓa kansa da cewa in an isa zai nemi allura a cikin akwati kafin ya fita wurin Hajiya, ko kuma ya sauya riga. Yana cikin wannan lissafi aka kira shiga jirgi, aka ce kowa ya riƙe fasfo da kati a hannu. Ɗinki biyun nan da ya yi da alfahari, shi ya zauna yana tsefewa har layi ya ƙare, ana kiran sunansa a lasifika don duk ɓarayin duniya su ji. Da aka duba aka mayar masa, ya sa katin cikin fasfo, ya cusa ta inda ya farke. Shafi kuwa santsi gare shi. Fasfo ya zarce ƙasa, ya tsaya can a gindin kwat, daidai inda mutum yake zama. A bakin ƙofar jirgi wata ma'aikaciya ta ce a nuna kati. Sai da ya buɗe gindin kwat daga wannan gefe zuwa wancan.

Haka ya shiga jirgi, fasfo da kati a hannu ɗaya, makulli a ɗaya, shafi yana reto a baya. Mutumin da ya fi kowa tsaro a cikin jirgin nan, shi kaɗai ne dukiyarsa take a fili.

Kujerarsa tana kusa da ta wani ɗan kasuwa mai tumbi, wanda ya yi masa sallama da Hausa, ya dubi kwat, ya kawar da kai don ladabi. Da jirgi ya daidaita a sama, mutumin ya buɗe jakarsa ya fito da leda da wasu fil-fil na maƙala tufafi, ya ce, "Baba, ga wannan ka zuba takardunka, waɗannan kuma ka ɗan kama rigar."

Gwani ya dubi ledar, ya dubi murmushin. Irin murmushin ne sak da ya yi ta kwatanta wa mutanen benci. Ya ce ya gode, bai saba karɓar abin hannun wanda bai sani ba. Ɗan kasuwa ya ce ba komai, ya mayar da kayansa. Kafin ya gyara kwanciya ya ƙara da cewa in an sauka za a nemi katin rigakafi da tikitin dawowa da adireshin masauki, gara mutum ya tanade su kusa. Ya rufe ido, nan da nan ya fara minshari. Gwani ya ce a ransa, ji makirci, har barcin ƙarya ya iya.

Ya zauna a kan fasfo, ya jefa makulli cikin safa. Aka kawo abinci ya ƙi taɓawa, ruwa ma ya ƙi, don ya san da irinsu ake sa wa matafiyi maganin barci. Abu ɗaya ya ɗauka a tiren: tsinken sakace. Ya juya shi a hannu, ya gwada tsininsa a farce, ya ji wani sanyi a zuciya irin na sojan da ya tsinci makami.

Ya tashi ya shiga banɗakin jirgi, wurin da ko juyawa ba a yi sai da dabara. Nan ya tuɓe wando ya fara buɗe ƙugu don ya ciro adireshin Auta. Jirgi yana girgiza, ana ƙwanƙwasa ƙofa, shi kuwa yana bin ɗinki da tsinke, yana zare zaren a tsawonsa, yana naɗe shi a yatsa kamar yadda ya saba. Ya manta a wane gefe ya sa takardar. Ya fara daga dama, ashe tana hagu. Kafin ta fito ƙugu ya rabu da wando gaba ɗaya. A nan ya tuna wani abu da kowane tela ya sani: madaukan da bel yake bi a jikin ƙugu suke. Ya ɗaura bel tsaf, bel ya riƙe ƙugu, ƙugu bai riƙe komai ba. Ya fito hannunsa na hagu yana damƙe da wando.

Daga nan, ɗan'uwa, abin ya zama gangara. Da aka sauka, a teburin ma'aikatan lafiya aka ce katin rigakafi. Ya jingina da bango, ya matse wando da gwiwoyi, ya buɗe kafaɗar dama da tsinken sakacen nan. Katin ya shige can cikin audugar kafaɗa, bai fito ba sai da hannun kwat ya fita ɗungurungum. A gaban jami'ar shige da fice aka ce tikitin dawowa, hannun hagu ya bi ɗan'uwansa. Jami'ar ta dube shi ta cikin gilashi, ta dubi hoton fasfo inda yake sanye da cikakkiyar kwat, ta sake dubansa, ta tambaye shi sana'arsa. Da ɗan Turancin da ya tsinta wurin masu kawo ɗinki ya ce tela. Ta daɗe kafin ta buga hatimi.

Saura akwati, kuma a cikinsa duk fatansa yake. Ya isa inda kaya suke zagayawa a kan bel mai tafiya, ya tsaya. Baƙin akwati ya wuce. Wani baƙin ya biyo. Wani kuma, da wani, kamar garken tumaki uwa ɗaya. Na mutane masu ƙyalle ja ko kore, masu su suna hangowa su sure su tafi. Marasa alama kuwa suna ta zagaye, rabinsu da ƙaramin kwado irin nasa. Dabararsa ta ci: babu ɓarawon da zai gane akwatin Gwani, har da Gwani.

Ya zaro makulli daga safa. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, wanda ya buɗe shi ne nasa. Ya cije fasfo da sauran takardu a baki, ya rataya hannayen kwat a kafaɗa, hannu ɗaya a wando, ya duƙa yana bin akwatuna da gudu-gudu yana zura makulli. Ka tsaya ka kalli hoton nan da idon wanda bai san shi ba. Wata mata 'yar ƙasar ta kalla, ta ga mutum cikin tsumma yana soka ƙarfe a kwadon akwatinta, ta ɗaga murya da yaren da bai sani ba. Kalma ɗaya ta yi ta maimaitawa tana nuna shi, kuma bai buƙaci tafinta ba.

Wani ƙaton ɗan sanda ya zo ya zare takardun daga bakinsa da yatsu biyu, ya duba, ya goge yatsun a wando. Da hannu da ido ya fahimtar da shi cewa maganar akwati sai gobe a ofis, yanzu ga hanya. Ya raka shi har ƙofar fita, ya kaɗa masa yatsa, ya juya.

Ƙofa ta buɗe da kanta. Ga jama'a jingim a bayan ƙarfe, masu furanni, masu ɗaga kwali. Ga Auta cikin kayan aikinta, kusa da ita wata dattijuwa gajera, tabarau yana rataye a ƙirjinta da sarƙa, tsaye kamar alƙali.

Auta ta matso za ta yi masa sannu da zuwa, sai ta dube shi da kyau. Mahaifinta ne, ba shakka, cikin wata aba da ba kwat ba, ba falmaran ba, kwala a miƙe, shafi yana jan ƙasa, hannayen riga a kafaɗa kamar kifi biyu da ya sayo a hanya, bel a ɗaure a ciki yana riƙe da iska.

"Baba, lafiya? Me ya same ka?"

Gwani ya dubi Hajiya, ya ga shagon nan yana tafiya yana barinsa, ya ga kekensa lulluɓe da ƙyalle. Hajiya ce ta miƙo masa igiya ba ta sani ba, ko kuma ta sani. Ta tambaya ko ɓarayi ne.

Ya kama da hannu bibbiyu, in ka cire wanda yake wando. Ya ce ɓarayi ne, ƙungiya guda. Shugabansu wani mai tumbi ne da ya zauna kusa da shi yana barcin ƙarya. Sun rutsa shi a wani lungu, wasu suka riƙe shi, wasu suka bi kwat suna farkewa suna neman dukiya, amma da yake ya san hannunsu, ko tsinke ba su tafi da shi ba. Ya rantse, ya ƙara rantsewa. Auta ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Hajiya ta ce Allah ya kyauta. Ta sa tabarau, ta ɗauki hannun kwat ɗaya daga kafaɗarsa, ta juya cikinsa waje, ta ɗaga shi wajen haske. Ta bi bakin yadin da babban yatsa a hankali, daga hammata har wuyan hannu. Ta ɗauki ɗayan. Ta zagaya bayansa ta duba gindin kwat, ta ɗaga kwala ta leƙa. Ta ce game da ɗinkin ba za ta iya cewa komai ba, domin ba a yanke wa kwat hukunci tana gunduwa-gunduwa. Yadda ta zauna a kafaɗa ake gani, kuma ba ta gani ba. Masu ɗinki ma tana da su, har sun yi mata yawa. Abin da ta rasa shekara da shekaru shi ne wanda zai buɗe rigar mutane mai tsada a gyara ta, bai ji wa yadi ciwo ba.

"Auta, zo ki ga aiki. Ba reza, ba almakashi, dubi, ko zare ɗaya na yadin bai ja ba, ko huda ɗaya bai faɗaɗa ba. Na daɗe ban ga hannu irin wannan ba." Ta mayar masa da hannun kwat a kafaɗa, ta gyara masa zamansa. "Kai dai, Gwani, sai haƙuri, ka huta kwana biyu wurin 'yarka ka koma. Amma in 'yan sanda sun kama wanda ya farke wannan, ka roƙe su kada su rufe shi. Gobe ya zo ya fara aiki."

Ta cire tabarau, ta juya za ta tafi.

Gwani ya manta da rantsuwa, ya manta da ƙungiya da shugabanta mai tumbi. Ya ɗaga hannu sama kamar ɗan makaranta a aji ya ce, "Hajiya, ni ne!"

Hannun hagu ya ɗaga.

Masu furanni duk suka juyo. Auta ta rufe fuska da mayafi. Hajiya ta waiwayo, ta dubi sama inda hannu yake, ta dubi ƙasa inda wando yake, ba ta ko murmusa ba.

"To, na ɗauki ɓarawon," ta ce wa Auta. "Ki ce masa ya ɗaga wandonsa, mota tana jira."